Baturiyar Hambug ta kai ƙarata wajen manaja a kan amsar imel

Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗan Aboabo ne a Kumasi, shekarata biyu ina aiki a wani kamfani mai fitar da man kaɗanya waje, kuma ni ke amsa wasiƙun masu saye. Akwai wata Bajamushiya a Hambug da kamfaninsu ke sayen kaya a wajenmu. Ranar wata Talata ta turo imel tana tambayar yaushe kwantenarsu za ta bar tashar jiragen ruwa ta Tema. Ba ni da amsa a lokacin, don man bai gama isowa daga Tamale ba, sai na ce bari in jira in sami tabbas. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na rubuta mata cikakken bayani. Ashe tun ranar Alhamis ta rubuta wa manajanmu cewa ba na amsa saƙo, shi kuma ya wanke ni tas a gaban abokan aiki. Abin da ya fi ƙona mini rai, saƙona na Juma'a ba ta amsa ba sai Litinin. Ko gaisuwa ba ta yi a wasiƙa. Manajan kuma ƙarfe goma na dare yake turo mini saƙon WhatsApp yana son amsa nan take. Kawu, wannan ba raini ba ne? Har na fara tunanin ajiye aikin.

Wa alaikumus salam ɗana.

Kada ka ajiye aikin, aƙalla ba a kan wannan ba. Faɗan da aka yi maka a gaban jama'a bai dace ba, kuma zan dawo kansa. Amma bari mu fara da kwana ukun nan, daga Talata zuwa Juma'a, domin a nan ne gizo yake saƙar.

Na san abin da ke ranka lokacin da ka karanta tambayarta. Ka ce babba ba ya magana da ka, gara ka zo da zance tabbatacce da ka yi ta kame-kame. Haka aka rene mu. A zango idan dattijo ya aike ka, ba ka dawowa ka ce masa "ina kan hanya", sai ka dawo da abin da aka aike ka. Kai a wajenka shirun nan ladabi ne da kamun kai. To amma shiru ma magana ce, kuma abin da ya faɗa mata a Hambug daban ne da abin da kake nufi a Kumasi. Ka sa kanka a kujerarta. Ba ta ganin fuskarka, ba ta san ka buga wa Tamale waya sau shida ba, ba ta san ruwa ya ɓata hanyar ƙauyen da matan ke haɗa man ba. Allon kwamfuta kawai ke gabanta, babu komai a kai. Ita ma tana da nata manajan da ke tsaye a kanta, da masana'antar da ta tsara ranar da za ta zuba man a tukunya. Ranar Talata ta ce wataƙila kana da aiki. Laraba ta fara tunanin ko saƙon bai shiga ba. Alhamis ta fara tunanin ko kayan ne babu, ko kun sayar wa wani, ko kai ka bar aikin. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to imel ba shi da fuska, sai mutum ya cike gurbin da abin da ya fi tsoro.

Tambayar da ta rubuta ita ce "yaushe?", amma a ƙarƙashinta akwai wata da ta fi gaggawa: akwai wanda ya ji ni kuwa? Ta farkon ba ka da amsarta ranar Talata. Ta biyun kuwa tana hannunka, kuma ba za ta ci maka minti biyu ba. Da ka rubuta mata layi uku, ka ce saƙonki ya iso, man bai gama zuwa daga Tamale ba, zan ba ki tabbatacciyar rana kafin ƙarfe sha biyu na ranar Juma'a agogonku, da manajanka bai taɓa jin labarin ba. Kwana ukun nan dai su ne, man ma bai ƙara sauri ba, sai dai ita ta sami abin da za ta kai wa na sama da ita.

Zan faɗa maka abin da ba ka rubuta ba, ka yi mini afuwa in na yi kuskure. Ina jin ba neman tabbas kaɗai ya riƙe hannunka ba, akwai nauyin kai mummunan labari. Mu mutane ne da ba ma son cewa "babu" kai tsaye. Ɗan kasuwa a kasuwar Kejetia ta Kumasi ba ya ce maka kaya sun ƙare, sai ya ce zauna ina zuwa, ya zaga rumfar maƙwabci. Mai ɗinki ba ya ce maka ba zai gama kafin Sallah ba, sai ya ce ka leƙo jibi. Muna jinkirta labari mara daɗi da fatan Allah zai kawo sauƙi kafin a buɗe baki, kuma a tsakaninmu kowa ya san fassarar "jibi". Na san wannan ciwon domin na yi shi. Shekarun da nake aiki a wani ofishin fiton kaya a Tema, takardun wata kwantena suka sami matsala, jirgin da ya kamata ta hau ya tashi ya bar ta. Kwana huɗu ina zaune a kan labarin, kullum ina cewa gobe zan gyara sannan in rubuta, don in haɗa matsalar da maganinta a wasiƙa ɗaya. Da mai kayan ya gano daga wani wajen, ya kira ni. Bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ya ce jirgi ya bar kaya ba sabon abu ba ne, yana faruwa kowane wata, amma da na gaya masa ranar farko da ya nemo kaya daga wani wuri ya toshe gurbin, yanzu kwana huɗun da na ci masa ba za su dawo ba. Shekara ta zagayo bai sabunta yarjejeniya da mu ba. Har yau in na tuna sai in ji kunya.

Akwai kuma wani abu game da matsayin imel a wajenmu. Mu nan abin gaggawa ba ya zuwa ta imel. Wanda ke da buƙata ta gaske yana kiran waya, in ba a ɗauka ba ya sake kira, in abin ya yi tsanani ya hau trotro, wato motar haya, ya zo da kansa, domin zuwa da kai ya fi saƙo. Imel a ofisoshinmu da yawa kamar takardar ajiya ce, abin da ake turawa bayan an gama magana da baki don a sami shaida. Shi ya sa za ka tura wa wani ofishi imel mako biyu shiru, sai ka kira a ce maka "ai ba ka kira ba". A wajen matar nan kuwa imel shi ne ƙofar gida. Idan ta turo, ta yi sallama ke nan, tana tsaye a zaure. Ba za ta kira ka ba, domin a ganinta kiran waya katse wa mutum aiki ne, ana yinsa in an shirya ko in gobara ta tashi. Kai kana cewa da abin na gaggawa ne da ta kira, ita tana cewa ai na rubuta.

Yanzu ga maganar Juma'a zuwa Litinin, wadda ka ce ta fi ƙona maka rai. Ka ɗauko agogo mu lissafa. Gana ba ta canza agogo, duk shekara muna kan lokacin Girinwic. Jamus tana gabanmu da awa ɗaya a lokacin sanyi, amma daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna tura agogonsu gaba, tazarar ta zama awa 2. Wato a tsakiyar kakar kaɗanya, sa'ad da ta zauna a teburinta ƙarfe 9 na safe, nan ƙarfe 7 ne, kana tsaye a bakin titi kana jiran mota. Sa'ad da ta tashi ƙarfe 5, nan ƙarfe 3 ne, ko la'asar ba a kira ba. Ranar Juma'a ka sauko daga masallaci, ka ci abinci, ka zauna ka tsara dogon bayani, a ce ka tura ƙarfe 3 da rabi. A Hambug 5 da rabi ke nan na yammacin Juma'a, ranar da da yawansu ma suke tashi da wuri. Saƙonka ya tarar da ofis a rufe. Ta buɗe shi safiyar Litinin ta amsa. A lissafinta ko rabin yini bai yi a hannunta ba. Naka lissafin na kwanakin kalanda ne, nata na awannin aiki ne, kuma da nata ma'aunin ta auna ka: Talata, Laraba, Alhamis, kwana uku na aiki cur.

Wannan rufe ofis ɗin ba wulaƙanci ba ne da aka tanadar maka. Dokar aiki ta Jamus ta ce a ba ma'aikaci hutun awa 11 a jere tsakanin tashi daga aiki da komawa, kuma aikin ranar Lahadi haramun ne sai a wasu sana'o'i da aka ware. A 2011 kamfanin Volkswagen ya amince a daina tura imel zuwa wayoyin wasu ma'aikatansa bayan an tashi aiki. Daimler a 2014 ya ba ma'aikata damar a riƙa goge duk imel ɗin da ya shigo suna hutu, a sanar da mai turowa ya nemi wani. Maƙwabciyarsu Faransa ta sa abin a doka daga 1 ga Janairun 2017, inda kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama za su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin kashe waya bayan aiki. Mutanen da suka ɗauki hutu da wannan nauyin su ne kuma suke ɗaukar awannin aiki da nauyi. Abin a haɗe yake. Tana son ka amsa da sauri tsakanin Litinin da Juma'a ne domin ta kulle teburinta ranar Juma'a ba tare da wani abu na rataye a wuyanta ba.

Kuma kada ka ɗauka duk wanda ke waje haka yake. In wata rana aka haɗa ka da mai sayar muku da robobi ko injin daga Gwanju ta ƙasar Sin, za ka ga wata duniyar: yana gabanmu da awa 8, bai damu da imel ba, manhajar hira ta WeChat yake so, kuma zai iya amsa maka tsakar darensa. Sai kuma lokacin sabuwar shekararsu ya zo, a watan Janairu ko Fabrairu, masana'antu su rufe, ka neme shi ka rasa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wanda ke zaune a kujerar da kake kai, aikinsa ne ya san kukan kowa.

Batun gaisuwa kuwa, na fahimce ka sosai, don ni ma har yanzu wasiƙar da ta faro da buƙata tana yi mini kamar an shigo gida ba sallama. Mu gadon wasiƙa muke da shi. Kakanninmu fataken goro da suka riƙa zirga-zirga tsakanin Kano da Salaga suna aika takardu da ayari, wata da watanni kafin amsa ta dawo, kuma rabin takardar gaisuwa ce da addu'a. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya zauna a Salaga ya rasu a Kete Krachi a 1934, har littafi ya rubuta kan ƙa'idar rubuta wasiƙa. Mutumin da ya fito daga wannan gidan dole ya ji wani iri in an ce masa "ina kwantena?" ba ko ina kwana. Amma ita a wajenta taƙaita magana girmama lokacinka ne. Ta ɗauka kana da wasiƙu hamsin a gabanka, ba ta so ta ƙara maka karatu. Kai ka ci gaba da gaisuwarka, layi ɗaya ya isa, sannan ka sa amsar a layi na biyu, kada ka binne ranar tashin jirgi a sakin layi na huɗu bayan labarin ruwan sama da halin hanya. Na sha ganin Turawan da suka fara a bushe, bayan shekara guda su ne ke fara tambayar ya iyali.

To raini ne ko ba raini ba ne? Ba zan ce maka babu masu sayen da ke shigowa da tunanin cewa ɗan Afirka ba ya riƙe lokaci ba. Akwai su, na zauna da su. Kuma ni a ganina ta yi gaggawar tsallake ka zuwa wajen manaja, da ta sake turo maka tuni sau ɗaya tukuna. Sai dai abin da ka ba ni labari bai kai shaidar raini ba. Ga yadda za ka gane: ka yi wata biyu kana amsa mata a yinin da ta rubuto, kana cika ranar da ka ɗauka. In ta sauko, ta daina sa manaja a wasiƙunku, to tsoro ne ya sa ta, ba raini ba. In kuwa ta ci gaba da kai ƙara kan abin da bai kai ya kawo ba, ka sake rubuto mini, wannan wata magana ce daban.

Abin da zan so ka yi kaɗan ne. Ka buɗe akwatin imel da zarar ka isa ofis, kafin hira, kafin koko, domin safiyarka hantsinta ne. Ka sake dubawa kafin azahar, sannan wajen ƙarfe 2, yadda duk abin da ka tura zai same ta a ofis. Duk saƙon da ba ka da amsarsa, ka ce ya iso, ka faɗi abin da kake jira, ka yanka rana. Wajen yanka ranar nan ka yi hattara. In mutanen Tamale sun ce maka Laraba, kai ka san Larabar nan tana iya zama Juma'a, to ka ce mata Juma'a. Gara ka ɗauki alkawari mai nisa ka cika da wuri. In ranar ta zo babu labari, ka rubuta a ranar ka ce babu labari tukuna, ga sabuwar rana, ga dalili. Wannan wasiƙar ita ce mafi nauyi a hannu, na sani, kuma ita ce ke sayo maka amana. In za ka sa "in sha Allah" ka sa, amma ka haɗa shi da kwanan wata da ƙarfe, don wasunsu sun koyi fassara shi da "wataƙila", kuma laifinmu ne.

Ka kuma gaya mata kalandarka. Ba ta san ranar Juma'a kana masallaci daga wajen sha biyu da rabi zuwa biyu ba, ba ta san ƙaramar Sallah da babba ranakun hutu ne a Gana ba, balle 6 ga Maris, ranar 'yancin kai, ko ranar manoma a Juma'ar farko ta Disamba. Su kafin su tafi hutu suna kunna amsar nan mai fita da kanta, mai cewa ba na nan sai ranar kaza, ga wanda za ka nema. Kai ma ka riƙa kunnawa. Ba za ta ji haushi ba, wannan yaren ta fi ganewa. Uzurin wuta da intanet kuwa ka riƙa tattalinsa. Gaskiya ne mun sha dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, kuma kowa ya tuna 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke, intanet ya yi kwanaki yana rarrafe. Irin wannan ranar kowa zai yi maka uzuri. Amma wanda aka gan shi a WhatsApp da rana ba zai ce babu intanet da yamma ba.

Saura manaja. Shi matsalarsa daban ce, kuma kada ka haɗa haushinsa da na Bajamushiya. Faɗan da ya yi maka a gaban mutane tsoro ne ya fito ta bakinsa, don mai saye ɗaya irin wannan na iya zama albashin rabin ofis. Wannan bai wanke shi ba. Ka bari kwana biyu su wuce, ka same shi shi kaɗai a ofis, ka fara da amsa naka laifin ba tare da kwana-kwana ba, ka gaya masa tsarin da ka ɗauka. Sannan cikin ladabi ka roƙe shi, in an sake samun kuskure ya kira ka gefe. Babba ya fi jin roƙo daga wanda ya riga ya sunkuyar da kai.

Saƙon ƙarfe goma na dare kuma, ka san cewa dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ta ƙayyade aiki awa 8 a yini ko awa 40 a mako, ta kuma ba ma'aikaci hutun awa 12 a jere tsakanin yinin aiki da na gaba. Ka lura, ta fi ta Jamus da awa guda, a takarda. Ban ce ka je ka karanta masa doka ba, don ni da kai mun san yadda wannan hirar ke ƙarewa a ƙaramin kamfani. Na gaya maka ne don ka san ba alfarma kake nema ba. Yawancin manajojin nan suna turo saƙo da dare ne domin a lokacin abin ya faɗo musu a rai, suna tsoron mantawa. Ka gwada masa maganin da na ba ka na Hambug: "Na gani ranka ya daɗe, zan kawo maka kafin ƙarfe 9 na safe." Ka ajiye wayar ka kwanta, da safe ka cika. In mota ce ta lalace da kaya a hanyar Techiman, wannan ka tashi ko ƙarfe nawa ne, aikin ke nan. In lissafin da zai iya kwana ne, ya kwana. Bayan 'yan makonni yana ganin abin na zuwa da safe ba fashi, sai ka nemi ku yi ƙa'ida: abin gaggawa ya kira, sauran ya jira gari ya waye.

Ita kuma matar, kada ka rubuta mata dogon ban-haƙuri, kada kuma ka yi mata gugar zana kan ƙarar da ta kai. Ranar Litinin da safe ka tura mata layi huɗu: ka ce ka gane jinkirin ya sa ta cikin matsi, daga yau za ta riƙa jin amsarka a yinin da ta rubuto ko da cikakken bayani bai samu ba, ga awannin da kake ofis da agogonsu, ga lambar ofis in abu ya taso. Kafin ka tura, ka kira Tamale ka ji inda sauran man yake, don ka sa mata ranar a layin ƙarshe.